Gumbo a Ƙoƙon Burodi: Abin da Filayen Shaƙatawa Suka Yi wa Girkin Amurka

A bakin wani tafki da aka haƙa a Epcot, ɗaya daga cikin filayen shaƙatawa huɗu na Walt Disney World da ke kusa da birnin Orlando a jihar Fulorida, an jera ƙasashe goma sha ɗaya, kowace da unguwarta. Mai yawo zai bi ta Meziko da Norway da Sin da Jamus da Italiya, ya ratsa Japan da Maroko da Faransa da Birtaniya, ya ɓulla ta Kanada, duk kafin la'asar ta yi sanyi. Unguwar Maroko ma Sarki Hassan na Biyu ne ya turo magina da masu zayyana daga ƙasarsa suka yi aikinta, aka buɗe ta a 1984. Kowace ƙasa ta zo da tukunyarta. Faransawa na gasa burodinsu, Japanawa na soya nama a kan farantin ƙarfe a gaban mai ci, Jamusawa sun jera dogayen tebura ana ci ana kiɗa.

A tsakiyar jerin, a wuri mafi daraja, mai masaukin baƙi ce ta zauna cikin wani katafaren gini na jan bulo. Tun ranar da aka buɗe Epcot, 1 ga Oktoba 1982, har zuwa 2019, gidan abincin wannan gini, Liberty Inn, da boga da soyayyen dankali da gutsattsarin kaza aka san shi. Shekara 37 ke nan Amurka tana tarbar duniya da abincin da ake samu a kowace tashar mota, alhali maƙwabtanta na hagu da dama suna baje kolin girkin kakanninsu.

Baƙo da yawa ya koma gida daga nan yana cewa ai Amurka ba ta da abinci. Amurkawan kansu ma ƙorafin abincin filayen shaƙatawa ya zame musu hirar dawowa daga hutu: an biya kuɗi mai ciwo, an tsaya layi a rana, an ci abin da washegari ba a iya tuna ɗanɗanonsa. Mafi yawan masu ƙorafin kan tsaya a kan tsada. Tsadar gaskiya ce, amma akwai abin da ya fi ta zurfi, kuma ba a gane shi sai an fara duba abin da ƙasar ke dafawa a bayan katangar waɗannan filaye.

Tukunyar da ba ta son gaggawa

A ɗauki gumbo, miyar jihar Luwiziyana. Mai girki kan fara ne da zuba fulawa a cikin mai, ta tsaya kan wuta tana juyawa ba ɗagawa, wani lokaci fiye da rabin awa, har haɗin ya yi launin ƙasa-ƙasa mai duhu. In ta ɗauke ido ya ƙone, zubarwa za a yi a sake daga farko, don ɗacin ƙunar ba ya fita. Daga nan sai albasa da koren tattasai da seleri, sai romo, sai kaza ko jatan lande ko ƙaguwa ko kawa, gwargwadon abin da gari da lokaci suka bayar. Abin da ke kaurara miyar iri biyu ne. Na ɗaya kuɓewa ce, wadda ta tsallaka teku tare da bayin da aka kwasa daga Afirka. Na biyu garin busasshen ganyen wata bishiya ne mai suna sassafras, wanda ƙabilar Choctaw ta koya wa baƙi, kuma aikinsa a tukunya kamar na kuka ne. Ana zuba gumbo a kan shinkafa. A New Orleans, wurin Kiriyol, akan sa tumatir a wasu gidaje; a karkara, wurin Kajun, jikokin Faransawan da Ingilishi suka kora daga gabashin Kanada tun daga 1755, sa tumatir na iya jawo wa mutum magana.

A gabar tekun Karolina ta Kudu da Jojiya labarin shinkafa ne. Masu gonakin yankin sun riƙa neman bayi daga ƙasashen da ke tsakanin Senegal da Saliyo musamman, saboda su ne suka san noman shinkafa a fadama. Jikokinsu, mutanen Gullah Geechee, har gobe suna dafa jar shinkafa da tumatir, suna toya alewar riɗi, kuma ranar sabuwar shekara suna cin Hoppin' John, wato shinkafa da wake dafa-duka. Waken kuwa irin namu ne, wanda a Afirka ta Yamma aka fara nomansa, kuma har yau Najeriya da Nijar ne kan gaba wajen samar da shi a duniya. Masana irin su Judith Carney da Jessica B. Harris da Michael Twitty sun yi littattafai a kan wannan zumunci na tukunya.

Sai gashin hayaƙi, wanda Amurkawa ke kira babakiyu, kuma a kansa ne suka fi yin musu. A tsakiyar Tekzas, mahautan Jamus da Cek da suka zauna a garuruwa irin su Lockhart ne suka kafa shi: ƙirjin sa, gishiri da masoro kawai, wuta ƙasa-ƙasa da itacen oak, awa goma sha biyu ko fiye. Kreuz Market, da aka kafa a 1900, ta shafe shekaru masu yawa tana miƙa wa mutane nama a kan takarda, ba cokali mai yatsu, ba miyar dangwale, don a ganinta naman da ke buƙatar miya bai gasu ba. A gabashin Karolina ta Arewa alade ake gasawa sukutum, a yayyafa masa ruwan khal da barkono. A yammacin jihar sai a ƙara tumatir, kuma kowane ɓangare na ganin ɗayan ya ɓata. Karolina ta Kudu ta mastad ce. A Decatur ta jihar Alabama, gidan Big Bob Gibson tun 1925 yake tsoma kaza cikin farar miya. A Owensboro ta jihar Kentucky kuwa tunkiya ake gasawa, gadon zamanin da yankin ke kiwon tumaki don ulu. Mai karatu Musulmi zai lura cewa alade ya mamaye wannan taswira, har gumbon ma sau da yawa da sosej ɗin alade a ciki. Tekzas da Owensboro ne suka fita zakka.

Duk waɗannan girke-girke sun haɗu a kan wasu halaye. Suna cin lokaci, suna da ɗanɗanon da ba kowane harshe ke karɓa ba, kuma suna ƙarewa. A birnin Austin, gidan Franklin Barbecue, wanda mai shi Aaron Franklin ya ci lambar girki ta James Beard a 2015, yana buɗewa da ƙarfe 11 na safe, mutane kuwa tun asuba suke layi da kujerunsu. In naman da aka kwana ana gasawa ya ƙare, a rufe ƙofa, wanda bai samu ba ya dawo gobe.

Abin da filin shaƙatawa ba zai iya ba ke nan.

Lissafin mutum dubu arba'in da takwas

Magic Kingdom na Walt Disney World, filin da ya fi kowane cika a duniya, ya karɓi baƙi fiye da miliyan 17 a 2023, wato kusan mutum 48,000 kowace rana, kuma kusan dukkansu tsakanin sha biyu da biyu na rana yunwa ke kama su. A cikinsu akwai yaro ɗan shekara huɗu da ba ya cin komai sai kaza da dankali, akwai kakarsa mai hawan jini, akwai wanda gyaɗa ke iya kai shi asibiti, akwai baƙo daga Burazil da wani daga Sikotilan. Kicin da zai ciyar da wannan taro ba shi da ikon cewa abinci ya ƙare, ba shi da ikon sa barkonon da zai sa wani ya dawo da faranti, kuma ba shi da ikon riƙe mutum minti goma a gaban kanta, don kowane minti da baƙo ya yi a layin abinci minti ne da bai yi a shagon tsaraba ba.

Saboda haka akasarin aikin a wani wuri ake yin sa. Kaya na zuwa a daskare ko an riga an dafa, a ɗumama, a ajiye a cikin ma'ajin zafi. Ƙa'idar hukumar abinci ta Amurka ita ce dafaffen abinci ya zauna a zafin da bai gaza digiri 57 a ma'aunin Celsius ba, don kada ƙwayoyin cuta su samu wuri. Dokar ta kare cikin mutane, amma ba kowane abinci ke jure ta ba. Ƙirjin san da aka yanka yakan fara bushewa cikin 'yan mintuna. Jatan lande in ya daɗe a zafi sai ya koma roba. Soyayyar kaza ta yi laushi, shinkafa ta caɓe. Abin da ke fita da mutuncinsa daga wannan jarrabawa shi ne mai gishiri da mai da sukari, shi ya sa duk inda ka juya su kake gani.

Ga kuma katanga. Walt Disney bai ji daɗin yadda ƙananan otal-otal da gidajen abinci suka yi wa Disneyland, filinsa na Kalifoniya, zobe ba, don haka da zai gina na Fulorida sai ya sa aka sayi kimanin eka 27,000 a asirce, da sunayen wasu kamfanoni, a tsakiyar shekarun 1960. Yau wanda ya je Magic Kingdom da motarsa ba a bakin ƙofa yake ajiye ta ba. Sai ya hau jirgin ƙasa mai layi ɗaya ko jirgin ruwa ya tsallaka wani tafki. Fita neman abincin rana a gari na nufin asarar awa biyu daga ranar da kuɗin shigarta ya haura dala 100 tun 2015, bayan a 1971 dala uku da rabi ne. Mutum kan yi lissafi ya haƙura. A yi wa Disney adalci, tana barin baƙo ya shigo da ƙunshin abincinsa, kuma kofin ruwan sanyi kyauta ne ga wanda ya tambaya. Filayen Six Flags kuwa ba sa yarda a shigo da abinci daga waje. Mai sayarwar da ya san ba ka da wurin zuwa ba ya fargabar ka ƙi dawowa gobe, musamman da yake yawancin baƙin ba za su sake zuwa ba sai bayan shekaru.

Wannan hali tun ran gini tun ran zane ne. Ranar 17 ga Yuli 1955 da aka buɗe Disneyland a Anaheim, tikitin jabu ya sa jama'a sun ninka yadda aka shirya, abinci ya ƙare a gidajen abinci, sabuwar kwalta ta narke tana riƙe takalman mata masu tsini. Masu aikin famfo na yajin aiki, aka ce wa Walt ya zaɓa tsakanin famfunan shan ruwa da bandaki, ya zaɓi bandaki, mutane kuwa suka ce da gangan ne don a sayar musu da lemon kwalba. Zargin ya samu wurin zama ne saboda yadda aka tsara cinikin. Kuɗin gini bai ishi Walt ba, sai ya ba manyan kamfanoni hayar wuraren cin abinci: Swift mai nama, Carnation mai madara, Chicken of the Sea mai kifin gwangwani, Coca-Cola da Pepsi, da Frito mai soyayyar masara. Tun ranar farko, kanta ta abinci allon talla ce. Daga baya ma, daga ƙarshen shekarun 1990, an yi shekara goma ana sayar da dankalin McDonald's a cikin filayen Disney.

New Orleans mai tsabta

A Yulin 1966 aka buɗe New Orleans Square a Disneyland, unguwa mai barandar ƙarfe da lungu-lungu, an kwaikwayi tsohuwar unguwar Faransawa ta ainihin birnin. Magajin garin New Orleans na lokacin, Victor Schiro, ya halarci bikin, kuma ana ba da labarin cewa da ya yaba kamannin wurin da garinsa, Walt ya tsokane shi da cewa nasa ya fi tsabta. Raha ce, amma ta bayyana manufar. An ɗauko siffar birnin an bar zafinsa da warinsa da talaucinsa da tarihin kasuwar bayinsa, kuma da aka zo kan abinci irin wannan wankin aka yi masa.

A wannan unguwa an daɗe ana sayar da gumbo a cikin ƙoƙon burodi mai tsami, wanda aka rarake cikinsa. Dabarar ta San Francisco ce, can ake zuba miyar kifi a irin wannan burodi. A Luwiziyana ba haka ake ci ba. Amfaninta ga filin a bayyane yake: ba kwanon wankewa, kuma mutum na iya ci yana tafiya. Abincin da ya fi suna a Blue Bayou, gidan abincin da aka buɗe a 1967 a gefen ruwan lilon 'yan fashin teku, shi ne sanwicin Monte Cristo, wanda ake tsomawa cikin ƙullu a soya a barbaɗe da sukari. A gidajen abincin kudancin Kalifoniya ya yi tashe, ba a New Orleans ba. Abin shan unguwar sunan wata giyar Kentucky aka ara masa, aka cire giyar, ya zama ruwan na'ana'a da lemon tsami. Soyayyar fulawar da Café du Monde ke sayarwa a bakin kogin Mississippi, gidan da ke nan tun 1862, a nan an yanka ta da kunnuwan Mickey. Ba a ce ba daɗi. Amma hangen Dala ba shiga birni ba ne, kuma wanda ya ci wannan ya ce ya ɗanɗana New Orleans an yi masa sakiyar da ba ruwa.

Akwai tabon da ya fi wannan muni. Daga 1955 zuwa 1970 Disneyland na da gidan abincin Aunt Jemima, inda wata baƙar mace sanye da shigar baiwar gida ta zamanin gonakin bayi ke zagayawa tana gaisawa da masu ci. Mutanen da hannunsu ya gina girkin kudancin Amurka ta wannan fuska aka fara nuna su. Sai a 2021 kamfanin da ke da wannan suna ya sauya shi.

Idan aka auna da wannan, tafiyar da aka yi ba ƙarama ba ce. Tiana, jarumar fim ɗin zane na 2009, The Princess and the Frog, yarinya ce baƙa mai burin buɗe gidan abinci a New Orleans, kuma daga rayuwar Leah Chase aka samo ta. Wannan baiwar Allah ta shafe kusan shekara saba'in a kicin ɗin Dooky Chase da ke unguwar Tremé. A zamanin wariyar launin fata, lokacin da doka ta hana baƙi da farare zama teburi guda, a ɗakin saman gidan abincinta masu fafutukar 'yanci ke taro, Thurgood Marshall da Martin Luther King duk sun ci a can. Ambaliyar Katrina ta 2005 ta cinye gidan, ta sake buɗe shi a 2007. Da Barack Obama ya zo yaƙin neman zaɓe a 2008 ya ɗauki kwalbar yaji zai zuba a gumbonta tun bai ɗanɗana ba, a gaban jama'a ta kwaɓe shi. Ta rasu a 2019 tana da shekara 96.

A Satumban 2023 Disneyland ta buɗe Tiana's Palace, gidan abinci mai gumbo da shinkafa da sauran girkin Kiriyol, kuma ya fi abin da ya gada kusanci da asali. Sai dai akwai abin da ba zai taɓa samu ba. A wurin Leah Chase mai girki ce ke da magana ta ƙarshe a kan abin da ke cikin kwano, ko da mai ci zai zama shugaban ƙasa. A filin shaƙatawa baƙo ne sarki, kuma sarakunan dubbai ne, kowa da nasa harshen. Miyar da za ta gamsar da su duka dole a rage mata kaifi.

Jihohi huɗu a faranti ɗaya

Can a Epcot ma an farga. An rufe Liberty Inn a 2019, kuma a Fabrairun 2020, wata guda kafin annobar korona ta rufe filayen baki ɗaya, aka buɗe Regal Eagle Smokehouse a gurbinsa. Wannan karon da gashin hayaƙi Amurka ta gabatar da kanta: haƙarƙari irin na Memphis, kaza irin ta Kansas City, ƙirjin sa irin na Tekzas, dagargajen nama irin na Karolina ta Arewa, ga kwalaben miya iri-iri a gefe kowa ya zaɓa. An kafa tukunyar hayaƙi a waje inda masu wucewa za su gani su kuma shaƙa.

Ci gaba ne, ba shakka. Amma a duba abin da ya faru da bambance-bambancen nan da mutane ke musu a kansu shekara ɗari. A garuruwansu bambancin na cikin irin dabbar, da irin itacen, da ramin gashin, da hannun mai gashi. A nan kicin ɗaya ne, ma'aikata ɗaya, kuma yanki ya koma sunan da aka rubuta a allo da launin miyar da ke cikin kwalba. Kansas City ma ba da kaza ta yi suna ba. Abin alfaharinta ƙonannun gefen ƙirjin sa ne, waɗanda gidan Arthur Bryant ke bai wa masu jiran layi kyauta a da. Tunkiyar Owensboro kuwa ba ta samu shiga ba, dalili kuma ba ɓoyayye ba ne: tana da ƙarni, Amurkawa da yawa ba su saba da ita ba. Duk abin da ya sa girkin yanki ya zama na yankin, shi ne farkon abin da ake cirewa.

Abin lura shi ne, inda waɗannan filaye suka yi nasara a harkar abinci, ba su kwaikwayi kowa ba. Cinyar talotalo, wadda aka fara sayarwa a Magic Kingdom a ƙarshen shekarun 1980, ba ta wata jiha ba ce. Ana jiƙa ta a ruwan gishiri a yi mata hayaƙi har naman ya yi ja, kuma girmanta ya sa aka daɗe ana raɗe-raɗin cewa ta emu ce, ɗan'uwan jimina, alhali ta toron talotalo ce kawai. Jaridar New York Times ta ruwaito a 2013 cewa ana sayar da kimanin miliyan biyu a shekara a filayen Disney na Amurka. Dole Whip, daskararren abarba da ake haɗawa daga gari, ya shigo a tsakiyar shekarun 1980, kuma mutane na bin layinsa da zuciya ɗaya. Kamfanin Universal ya buɗe unguwar Harry Potter a Orlando a Yunin 2010 da wani abin sha mai zaƙi da kumfa, Butterbeer, wanda kafin nan a littafi da fim kawai yake. Cikin 'yan watanni aka sayar da kofi miliyan. Har Doritos, bisa labarin da aka fi sani, a gidan abincin Frito na Disneyland aka fara shi, daga ragowar wainar masara da aka yanka aka soya, kafin ya bazu a ƙasar a 1966. Babu mai cin waɗannan ya ji an cuce shi, don babu wata kaka a wani gari da ta fi iya su.

Girki na ƙwarai ma akwai shi a harabar Disney, ga mai hali. Victoria & Albert's ya samu tauraron Michelin a 2024. Yana cikin otal ne, kujerunsa kaɗan, ba a shiga da ƙananan yara, kuma a wannan shekarar kuɗin mutum ɗaya na dosar dala 300. Wato an san sharaɗin: a rage jama'a, a ba kuku lokaci.

Inda kaza ta riga lilo zuwa

Ƙananan filaye sun nuna wata hanyar. A Elysburg ta jihar Pennsylvania akwai Knoebels, wanda iyali ɗaya ke riƙe da shi tun 1926. Shiga kyauta ce, ajiye mota kyauta, kowa na iya zuwa da kwandon abincinsa, lilon da ka hau kawai za ka biya. Tunda babu wanda aka tsare, dole abincin ya jawo mutum da kansa, kuma filin ya sha cin lambar mujallar Amusement Today ta abinci mafi kyau. Cikin abin da ake rububi akwai pierogi, ƙullin fulawa mai dankali a ciki, wanda masu haƙar kwal daga Poland da maƙwabtanta suka kawo yankin. Kings Island, kusa da Cincinnati, ya kira gidajen abincin garin ne suka kafa kanta a ciki, shi ya sa ake samun taliyar nan ta Skyline mai miyar nama da kirfa, wadda baƙo kan yi wa kallon mamaki ɗan gari kuwa ya ci da murna. A Dollywood na mawaƙiya Dolly Parton, a tsaunukan Tennessee, a gaban mutane ake gasa burodin kirfa. Waɗannan filaye da 'yan yankinsu suke rayuwa, mutanen da za su dawo mako mai zuwa, kuma sun san yadda abin ya kamata ya kasance. Ba girin-girin ba dai, ta yi mai.

Manyan filayen kuwa a tsakiyar arziki suke zaune, sun juya masa baya. Tafiyar awa ɗaya da rabi daga Orlando akwai unguwar Ybor City a Tampa, ta masu naɗin sigari 'yan Kuba da Sifen da Italiya, inda gidan abincin Columbia ke aiki tun 1905. Kissimmee, da ke jikin katangar Disney, cike take da girkin 'yan Puerto Rico. A Anaheim, mintuna kaɗan a mota daga Disneyland, titin Brookhurst jere yake da gidajen shawarma da kunafa da mahautan halal. A 2022 majalisar birnin ta amince da sunan Little Arabia ga unguwar a hukumance. Kudu da ita akwai Little Saigon, matattarar 'yan Biyetnam da suka zo bayan 1975. Girkin yankin Orange County, inda Disneyland take, na yau ke nan, kuma miliyoyin baƙi na zuwa su tafi ba su san da shi ba.

Kimanin kilomita goma sha ɗaya daga Disneyland, a Buena Park, akwai filin da labarinsa ya zo a juye. Walter Knott da matarsa Cordelia manoma ne masu sayar da 'ya'yan itace a bakin hanya. Su ne suka yaɗa wani ɗan itace mai suna boysenberry, bayan Walter ya ceto 'yan kurangar da suka rage daga gonar da Rudolph Boysen ya bari. A Yunin 1934, cikin tsananin karayar tattalin arziki, Cordelia ta soya kaza ta ciyar da mutum takwas a farantan aurenta, kowane a kan santi 65. Zuwa 1940 akan sayar da faranti har 4,000 ranar Lahadi, masu jira na yin awoyi a layi. Don ya ɗebe musu kewa ne Walter ya fara gina kwaikwayon garin masu haƙar zinariya, yana sayo tsoffin gine-gine daga garuruwan da suka mutu, abin da ya zama Knott's Berry Farm.

Sai a 1968 aka kewaye filin aka fara karɓar kuɗin shiga, kuma da aka ja shingen, a waje aka bar gidan kazar. Iyalin sun sayar da filin ga kamfanin Cedar Fair a 1997, wanda ya haɗe da Six Flags a 2024. Gidan abincin Cordelia na nan yana sayar da kaza da dakakken dankali da kek ɗin boysenberry, kuma mai son ci ba ya buƙatar tikiti.